Hamsin a Jikin Buhu, Ashirin da Biyar a Hannuna

Mun bar gida tun ladan bai gama gyaran murya ba, sallar asuba ma a filin jirgi muka yi ta. Mu uku ne: ni, da surukina mijin 'yata ta biyu, wanda ke saro ganyen shayi da kayan ƙamshi daga Dubai, sai wani tsohon Bazazzagi, malamin makaranta mai ritaya, da Allah ya jarabce ni da maƙwabtaka da shi shekara talatin. Surukin nawa ne ya ɗauki nauyin tafiyar, wai mu je mu buɗe ido. Ni dai an san dalilin ɗaukata, ni na ba shi mata. Dalilin ɗaukar Bazazzagi kuwa har yau ban gano ba, sai dai ko don a samu mai riƙe jaka.

Ga wanda bai san ni ba, shekara arba'in da 'yan kai na yi ina zaune gaban sikeli a kasuwar hatsi ta Dawanau. Boko aji uku na yi, na ɗora da yaƙi da jahilci, saboda haka duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a zuciyarsa, kada ya dame ni. Amma fa hannu, Allah ya ba ni. In na ɗaga kaya na ce kilo kaza ne, sikeli ba abin da yake ƙarawa sai amin. Bara rashin lafiya ta kwantar da ni wata biyu, hannun dama ya yi sanyi, kafin Allah ya dawo da shi. Tun daga nan 'ya'yana suka sa ni gaba, wai in bar kasuwa in zauna a gida in riƙa jan carbi. Ana jibi za mu tashi babban ɗana ya sake tayar da maganar a zaure. Zuciya ta ɗebe ni na ce, duk ranar da na ɗaga kaya na faɗi nauyinsa aka samu kuskuren da ya wuce kilo ɗaya, a ranar zan naɗe buzuna in bar kasuwa har abada. Bazazzagi yana gefe yana cin gyaɗata, ya ce shi ne shaida. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Jirgi ya fara sauke mu a Addis Ababa, inda sanyi ya sa Bazazzagi ya naɗe kansa da rawani kamar mai ciwon haƙori. A hanya an kawo mana abinci a wani ɗan faranti mai ɗakuna. Na ɗaga shi, har da cokali da ɗan burodin bai kai rabin kilo ba. Na ci nawa, na ci na surukina da ya ce ya ƙoshi. Allah ya yi masa albarka, yaro ne mai kunya.

Jama'a, filin jirgin Dubai gari ne. Ƙasa tana tafiya da kai kana tsaye. Na ɗora ƙafa ɗaya ta tafi ta bar ɗayar, ba don surukina ya tare ni ba da yanzu wani labarin ake. Ko'ina sanyi, ko'ina ƙyalli, har na fara cewa ashe ƙarya ake mana da ake cewa ƙasar Larabawa da zafi. Ƙofar waje tana buɗewa, da kanta ba mai turawa, iska ta mare ni kamar na leƙa tandar gurasa. Daga nan muka shiga jirgin ƙasa. Na kutsa har can gaba don in gaida direba, in ce masa sannu da aiki, na tarar babu kowa sai gilashi da wata mata tana danna waya. Jirgi yana gudu a sama da titi, yana tsayawa daidai inda ya kamata, ba direba, ba kwandasta. Na ce wa Bazazzagi ya yi mini bayani tunda shi ne mai ilimi. Ya ce kimiyya ce. Na lura duk abin da ya fi ƙarfinsa haka yake ce masa.

Masaukinmu a unguwar Naif yake, bene na huɗu. Nan kam sai ka rantse Kantin Kwari aka ɗauko aka wanke aka ajiye. Lunguna cike da takalma, jakunkuna, atamfa, abaya, agogo. Ga 'yan Indiya, ga 'yan Fakistan masu tura amalanke suna ta neman hanya, ga 'yan Habasha, ga mutanen Sanagal da manyan riguna. Hausa kuwa tana tashi ta ko'ina, amma Hausar da aka cakuɗa da Larabci da Turanci. Na ji wani Alhaji yana faɗa da waya: "Habibi, yalla, ka kai kayan kago yanzu, kwantena za ta rufe, khalas!" Na tsaya na gaishe shi, ashe ɗan Fagge ne. Shayinsu da suke kira karak, mai kauri da madara da ƙamshi, a ɗan kofin takarda ake ba ka, dirhami ɗaya, wani wurin biyu. Kurɓa uku ne ya ƙare, amma kurɓa ukun nan na sarauta ne. Shinkafar 'yan Indiya kuwa faranti ɗaya ya ishi mutum biyu, in ba a sa Bazazzagi a lissafi ba. Akwai kuma wani ɗaki a saman wani shago inda wata baiwar Allah take tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, nan 'yan kasuwarmu suke haɗuwa da rana ana cin tuwo ana zagin farashin jirgi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a kwanakin farko shi ne shiru irin na wuta. Ban ji kukan janareto ko sau ɗaya ba. Kullum ina jiran a ɗauke, har na ajiye tocila kusa da filo, ba a ɗauke ba. Rana ta biyu muka hau wani kwale-kwalen katako muka tsallake ruwan da ya raba tsohon gari biyu, dirhami ɗaya kowa. Ina zaune a kan benci, ga manyan jiragen ruwa na katako ana loda musu firji da tayoyi da buhunan shinkafa, ga tsuntsayen teku suna shawagi, can nesa kuma benaye sun tsaya a cikin hazon zafi kamar ba a ƙasa aka kafa su ba. Na yi tasbihi. Mutanen nan a kan yashi suka yi wannan, yashi irin wanda muke sharewa a ƙofar gida.

Rana ta uku surukina ya ce mu raka shi Murshid Bazaar, inda ake sarin kaya da ɗaure su. A wani lungu muka shiga shagon wasu 'yan Caina da yake saye a wurinsu. Ƙamshin kirfa da kanumfari da ganyen shayi ya tare mu tun daga ƙofa. Wata mata ce a gaba, ba ta wuce shekara arba'in ba, ga na'urar lissafi a hannu, ga sikelin lantarki a gefe mutane sun yi masa layi. Tana ganinmu ta ce, "Alhaji sannu, rangwame babu." Hausarta ke nan gaba ɗaya, kuma ta isa. Can ciki a kan wata kujerar roba wani tsoho ne zaune, siriri, da farar singileti, yana shan ruwan zafi a kwalba. Mahaifinta ne.

Surukina yana ciniki, ni da Bazazzagi muna tsaye kusa da wasu buhunan kirfa da aka jera. Sai shaiɗan ya shiga Bazazzagi.

"Sarkin awo," in ji shi, "ga fili. Ɗaga wannan ka faɗa mana."

Na naɗe hannun riga, na kama kunnen buhu, na ɗaga, na ɗan jijjiga shi yadda na saba, na ajiye. Na ce, "Ashirin da biyar. In ya ƙaru, nauyin buhun ne."

Ya sa gilashinsa, ya juya buhun. A ɗaya gefen an rubuta lamba da baƙar tawada, manya-manya, biyar da sifili. Kusa da ita akwai wani ɗan zane irin rubutunsu, kamar ƙaramin gatari. Ko ni mai aji uku na san hamsin in na gan ta. Ya juya na biyu, hamsin. Na uku, hamsin.

"Bakano," ya ce, "kilo ɗaya ka yi alkawari. Wannan ashirin da biyar ka zubar. Ko dai ka zama basamude a jirgi, ko kuma hannun ya tafi hutu bai sanar da kai ba."

Na buɗe baki zan ce a ɗora a sikeli, sai surukina, wanda ya ji komai, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, an kira azahar, mu je kada mu rasa jam'i." Na gane nufinsa. Yana tsoron a ɗora buhun sikeli ya kunyata uban matarsa a gaban mutane. Ni ma, in faɗi gaskiya, tsoron ne ya sa na bi shi. Tun bayan ciwon nan akwai safiyar da nake tashi in ji yatsuna kamar na aro su. Na ce a raina, to ko hannun da ya yi sanyi haka yake yi, ya ji rabin abu ya ce duka ne?

Da yamma suka kai ni ganin dogon benen nan da aka ce ya fi kowane gini tsawo a duniya. Na ɗaga kai har hulata ta faɗi ban ga ƙarshensa sosai ba. A gindinsa akwai tafki, ana idar da magariba ruwa ya tashi sama yana rawa da kiɗa, yana lanƙwasa yana miƙewa kamar an koya masa. Dubban mutane sun ɗaga waya. Abin mamaki ne, ba zan rage masa komai ba. Amma ni ina kallon ruwa ina ganin buzuna a naɗe a jingine a bayan ƙofa. Ina ganin kaina a zaure da carbi, ana wucewa ana ce mini sannu da hutawa. Bazazzagi kuwa sai faɗi yake, "Kalla da kyau, Bakano, mai ritaya ba abin da ya rage masa sai kallo. Ni na san harkar, zan koya maka."

Washegari da safe na bi duk abin da ke ɗakin masauki ina ɗagawa. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, hannu ya ce kilo ɗaya da rabi. Ledar sukari da surukina ya saya, hannu ya ce biyu, na juya na ga an rubuta biyu. Kwalin dabino, ɗaya, haka ne. Har takalmin Bazazzagi na ɗaga. Na zauna a bakin gado na yi tunani. Hannun da bai yi ƙarya a kan sukari ba, me zai sa ya yi a kan kirfa? Na ce wa surukina ya sa takalmi mu koma shagon jiya. Ya fara cewa "Baba ai da an bar..." na ce ba shawara na nema ba. Bazazzagi ma na ce ya taso, shaida ba ya zama a ɗaki.

Mun tarar da shagon ba cinkoso. Na nuna buhu na nuna sikeli. Matar ta kalli surukina, ya yi mata bayani da Turanci, ta sa aka ɗora. Jajayen lambobi suka yi ta rawa, sannan suka tsaya. Ashirin da biyar, da ɗigo biyu.

Ban yi ihu ba, ni dattijo ne. Na dai juya na kalli Bazazzagi a hankali, tun daga hula har takalmi. Shi kuwa maimakon ya ba da haƙuri sai ya hau faɗa, wai to ai wannan ha'inci ne, an rubuta hamsin an zuba rabi, yana nuna lambar da yatsa yana Turancinsa na aji. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta sa farce a kan ɗan zanen nan mai kama da gatari, ta yi magana, surukina yana juya mana.

Ashe ba kilo aka rubuta ba. Awon kasuwar ƙasarsu ne, sunansa jin. A can, in ji ta, mace in ta je cefane ba ta cewa a ba ta kilo, da wannan awon ake sayen nama da kifi da ganye tun kakanni. Jin ɗaya rabin kilo ne cif, giram ɗari biyar. Biyu su ne kilo ɗaya. Saboda haka duk lambar da ka gani da zanen nan a gefenta, raba ta biyu, ka samu kilonka: hamsin ta zama ashirin da biyar, goma ta zama biyar. In kuma kilo gare ka kana son nasu, ka ninka. Akwai ƙaninsa da suke kira liyang, goma ne ke cika jin ɗaya, wato kowane ɗaya giram hamsin. Akwai kuma babbansu, jin ɗari, kilo hamsin ke nan, kayan da ƙato yake ɗauka da sanda a kafaɗa. Su a shago da kilo suke sayarwa kamar kowa a Dubai, takardar kaya ma kilo ce a jiki. Rubutun tawadar nan na babanta ne. Duk buhun da ya shigo sai ya bi shi ya sa masa lamba da awon garinsu, ta hana ta gaji.

Ta ƙara da wani gargaɗi da ya kamata 'yan kasuwarmu su ji. Wannan rabin kilon na babban yankin Caina ne. In kayan daga Hong Kong ko Taiwan suka fito, nasu ya fi nauyi, wajen giram ɗari shida ne, hamsin ɗinsu sai ta kai kilo talatin. Suna ɗaya, nauyi daban. Bazazzagi ya ce wannan rikici ne. Na ce rikicin me? Mudun Kano da mudun garinku ɗaya ne? Wanda ya taɓa sayen gero a ƙauye ya kawo birni ya san sai ka tambayi kwanon wa aka auna da shi. Ni a nan take na gane karatun. Mai digirin alli ne ya tsaya yana ƙifta ido.

Duk wannan abin tsohon yana kallonmu daga kujerarsa. 'Yarsa ta gaya masa abin da ya faru, ta nuna ni, ta nuna buhu. Sai ya ajiye kwalbarsa ya miƙe. Ya shiga can ciki ya fito da wata sanda ta baƙin katako, tsawonta bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, ta yi santsi don shan hannu. An jera mata ɗige-ɗigen farin ƙarfe kamar taurari, ga ƙugiya a kai ɗaya, ga ɗan igiyar riƙewa, ga wani dunƙulen ƙarfe a rataye da zare. Ya ɗauko ƙullin kanumfari ya miƙo mini. Na ɗaga na nuna masa yatsu uku, kilo uku. Ya rataya ƙullin a ƙugiya, ya riƙe igiya, ya riƙa jan dunƙulen ƙarfen da ɗan yatsa a hankali har sandar ta kwanta daidai a iska, ba ta sama ba ta ƙasa. Ya ƙirga ɗige, ya nuna mini shida. Muka kalli juna. Uku nawa, shida nasa, magana ɗaya.

Sai ni ma na ciro kwalin dabinon da ke jakata da gorar ruwa na haɗa a leda na miƙa masa. Bai taɓa sandar ba. Ya ɗaga da hannu, ya ɗan jijjiga, wallahi irin jijjigawata, ya buɗe yatsu biyar. Kilo biyu da rabi. Na ga jirgi ba direba, na ga ruwa yana rawa, na ga bene ya shige gajimare, amma ban ji abin da na ji a lungun nan ba, da na ga mutum daga ƙarshen duniya, ba ya jin yarena ba na jin nasa, Allah ya zuba masa abin da ya zuba mini a hannu. Muka yi ta yi, ya ba ni in ba shi, kamar yara sun sami sabon wasa, har masu amalanke suka tsaya kallo. Sau ɗaya ya kuskure da liyang biyu, ya bugi hannunsa yana yi masa faɗa.

'Yar ta ce wa surukina, ita ma shekara uku ke nan tana fama da shi ya koma gida ya huta, ya ƙi. Na ce a gaya masa in ji ni kada ya yarda. Aka gaya masa. Ya yi dariya, haƙoransa ba su fi nawa yawa ba, ya ce da Larabcinsa na kasuwa, "Shwaiya, shwaiya," wato sannu a hankali. Ya zuba mini ruwan zafinsa mai ganye a ɗan kofi, ba sukari ba madara, ɗaci kamar maganin shawara. Na shanye don zumunci. Da za mu tafi ya kawo wata ƙaramar sandar, ƙanwar waccan, ya naɗe ta a jarida ya danƙa mini. Ni kuma na cire hular da ke kaina, zanna bukar ce sabuwa, na ɗora masa. Ta yi masa yawa, ta sauko har gira. Haka na bar shi a ƙofar shago da singileti da hula yana ɗaga mana hannu.

Sauran kwana biyun na ga gari da idon mai lafiya. Mun je kasuwar zinariya, inda sarƙoƙi suke rataye kamar kilishi a rana, ba ɗan sanda ko ɗaya a tsaye da bindiga. Mun sayi turare da dabino da abaya ta uwargida. A filin jirgi na ɗaga jakar Bazazzagi na ce ta wuce ƙa'ida da kilo biyu. Wannan karon bai yi gardama ba, ya durƙusa a gaban jama'a yana fitar da sabulai yana cusawa a aljihun babbar riga.

Mun sauka Kano da hantsi. Ƙura, hon, 'yan adaidaita sahu, janareto yana kuka a kowane shago, na ji wani daɗi ya rufe ni. A zaure na tarar da babban ɗana, kuma na ga alama labarin rana ta uku ya riga mu isowa ta waya, don har an sayo mini sabuwar darduma mai laushi da kujerar kwanciya. Na ce shaida ya yi magana. Bazazzagi ya yi gyaran murya ya fi sau uku, sannan ya ce, "Tsakani da Allah hannunsa lafiya lau. Kan ne dai ban tabbatar ba." Na ce a kai masa kujerar gidansa, shi ya dace da ita.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Lamba ita kaɗai ba ta gama magana ba sai ka tambayi awon wa ce. Na kusa ajiye sana'ar shekara arba'in saboda tawadar da ban san yarenta ba, alhali hannuna yana gaya mini gaskiya tun farko. Ranar naɗe buzu tana nan zuwa, na sani, kuma in ta zo ba zan yi gardama ba. Amma ba ta zo a Dubai ba.

Ranar Litinin na koma kasuwa. Na rataye sandar a ƙusa saman sikeli, masu dako suna ta tambaya ko maganin ɓarayi ne na sayo. Kayan farko da aka kawo rabin buhun riɗi ne. Na kama kunnensa na ɗaga, na jijjiga, na ce hamsin ba rabin kilo. A zuciyata na ninka, na ce casa'in da tara, na tuna wani tsoho mai singileti da hulata a kansa. Aka ɗora a sikeli. Sikeli ya ce amin.